Ƙusa Biyu a Ƙofar Alhaji

Mijin autata yana da wata tsohuwar mota da yake kai kaya kasuwa da ita, kuma tun farkon daminar nan ita ke sanar da ni cewa hantsi ya yi. Ina zaune a zaure da kofin kokona sai in ji gwaf, in ji gwaf na biyu, sannan in ji ya yi tsaki ya sa gwiwa ya ɗaga ƙofar, kafin ta yarda ta rufu a na uku. Na daure har kwana goma, don ba na son a ce tsoho ya sa wa surukinsa ido, amma kunnen da ya yi shekaru yana sauraron ƙarfe ba ya iya yin kamar bai ji ba. Rana ta goma sha ɗaya na ja sandata na fita, na ce ya buɗe mini. Ban gama duƙawa ba na ga abin da na san zan gani. An cire sandunan da ƙofar ke juyawa a kansu, an zura bulon biyu masu sheƙi, wato ƙusoshin nan masu haƙori, an ɗaure su da noti tam. Na tambaye shi wa ya yi masa wannan aiki. Ya ce, "Baba, ni na yi da kaina, a waya na gani." Dariya ta kama ni har sai da na dafa motar. Shi ya ɗauka shi nake yi wa, ya sunkuyar da kai, alhali wani saurayi nake yi wa dariya, wanda ya tafka wannan ɓarnar sak tun ba a san waya ba, kuma saurayin nan ni ne.

Sokoden da na tashi a cikinta ba wannan ba ce da 'yan zemijan suka cika da babura, kowa na danna ham kamar shi kaɗai ke da uzuri. A wancan zamani in ka tsaya a bakin Zongo da hantsi kana iya rarrabe sauti ɗaya bayan ɗaya. Ga taɓare a gidajen masu sakwara, ga mahauta suna wasa wuƙa, ga mai tallan wagashi, cukun nonon shanu, da siririyar muryarta, can ƙasa kuma, bakin babbar hanyar da ta miƙe arewa, ga gudumar garejinmu. Gareji ne a suna kawai. Bishiyar mangwaro uku ce, da rumfar kwano, da akwatin ƙarfe da ake kulle kayan aiki a ciki. Yau an sare mangwaron an yi shagon sayar da wayoyi, in na zo wucewa sai in kau da kai. Mu aikinmu jikin mota ne. In ta lotse mu tayar, in ta tsage mu ɗinke, in ƙofa ta ƙi rufuwa mu lallashe ta. Babu kantin da za ka je ka ce a ba ka sabuwar ƙofa kamar yadda ake yi yanzu. Abin da ya lalace shi za ka gyara, in kuwa ba ya gyaruwa sai ka ƙera wani. Shekarar farko ma ba a barin ka taɓa guduma. Kai ne shara, kai ne ɗebo ruwa, kai ne wanke tsofaffin bulon a gwangwanin gazuwal, man dizal ke nan, har yatsunka su yi fari su tsattsage, kai ne cika wa maigida buta kafin azahar. Da yamma mu koma gida baƙi ƙirin, iyayenmu mata su tare mu tun daga ƙofa da sabulun salo kada mu hau musu tabarma. Duk da haka, har yau ban ci abin da ya kai mini wake da shinkafar da muke ci mu shida a kwano ɗaya a gindin mangwaron nan ba, da hannun da warin gazuwal bai gama fita ba.

Maigidanmu ɗan Kotokoli ne, gajere, mai faɗin kafaɗa. Kowa Patron yake ce masa, har matarsa in ta aiko da abinci. Sunayen kayan aiki da Faransanci yake faɗin su, faɗa da yarensa yake yi, Hausa kuma ya ajiye ta don baƙi da ranar da ya tashi da nishaɗi. Hausar tasa irin ta bakin kasuwa ce, ba ruwanta da mace ko namiji. Mota shi ne, ƙofa shi ne, uwargidansa ma "ya zo" ne. Ba ya yawan magana. Abin da yake maimaita mana bai wuce "wanke kafin ka duba" ba, sai kuma "sa yatsa, ido yana sauri." Ni kuwa akwai wani ciwo da na ɗauko tun makona na farko. Na tambayi manyan aparanti, wato waɗanda suka riga ni shiga koyo, sunan wani ƙarfe, sai suka kalli juna suka ce za su gaya mini in na je garejin gaba na karɓo gwangwanin tartsatsi. Na tafi da gudu. Garejin gaba suka ce nasu ya ƙare, in gwada na bayan tasha. Na bayan tasha suka tura ni wajen masu walda. Sai da na zaga rabin Sokode cikin rana kafin wani tsoho ya ji tausayina ya ce, "Ɗana, koma, tartsatsi ba ya shiga gwangwani." Na dawo na tarar har Patron yana dariya da riƙe ciki. Tun daga ranar na rufe bakina. Na koyi aiki da ido, na kuma iya, har aka fara cewa hannuna ya fi na wasu manyan, amma ko za a yanka ni ba zan ce ban gane ba.

Haka na yi shekara biyar, har Patron ya sa ranar da za a yaye ni, wata Asabar. Liberasiyon muke cewa. Wanda bai yi koyon sana'a a ƙasar nan ba, ba zai san nauyin ranar ba. Za ka durƙusa a gaban jama'a, maigida ya yi maka bulalar ƙarshe a tafin hannu, wadda daga ita ba shi da ikon sake taɓa ka, malam ya yi addu'a, a miƙa maka guduma, shi ke nan ka zama mutum mai iya kafa tasa rumfar. In ba a yi maka ba, ko gemunka ya kai ƙirji yaro ne kai. Innata kuwa mai koko da ƙosai ce a bakin masallacin unguwa, don haka duk wanda ya karya kumallo a Zongo ya ji labari, har da wanda bai tambaya ba. Ta sa ƙawayenta sun ɗinka anko. Ta ɗaure wani rago a bayan ɗaki tana ɗura masa dusa safe da yamma, yana ta ƙiba bai san dalili ba. A lokacin saura mako uku.

Ana cikin haka Alhaji mai shanu ya iso daga Dapango, garin da yanzu ake rubutawa Dapaong, mu dai Dapango muka sani. Bahaushe ne ɗan Zongon can, ƙato, mai dariya tun daga ciki. Motarsa bashe ce, irin mai buɗaɗɗen baya da tamfol, kuma ba ya yarda kowa ya taɓa jikinta sai Patron. Ƙofar direba ce ta fara kaɗawa tana ƙara. Ba abin mamaki ba ne, domin Alhaji ba ya fita daga mota sai ya rataya duk nauyinsa a kan ƙofar, kuma yana iya gama cinikin bijimi guda yana jingine da ita. Patron ya ɗaga ƙofar ya girgiza, ya ga sandunan cikin sharniya sun cinye. Sharniya ita ce maɗaurin ƙofa, ƙarfe biyu masu kunnuwa da ke shiga juna, wata sanda mai santsi ta ratsa ta tsakiyarsu. Sandar nan a bakin Patron sunanta aks, kuma da ya faɗi haka ranar da ba ni da labarin da zan bayar yau. Amma Alhaji na tsaye, shi kuma ba ya son a yi Faransanci a kan motarsa, yana cewa da shi ake. Sai Patron ya juya Hausa.

"Ka canza ƙusa na ƙofa, sama da ƙasa. Ya gaji. Ni zan je suna a Bafilo, sai la'asar."

To, a Hausa ƙusa ƙusa ce. Ta kafinta ƙusa ce, bulon ƙusa ne, aks ma ƙusa ce. Na ji tambayar ta taso mini har maƙogwaro, wace ƙusa, na haɗiye ta. Na ce a raina ai bulon ya fi, tunda yana da noti, in ka ɗaure ka san ka ɗaure. Na zaɓo biyu sababbi fil, na zura, na ja noti har jijiyar wuyana ta tashi. Ƙofa ta tsaya ƙyam, ba motsi ba ƙara. Alhaji ya buɗe ya rufe ya ce, "Kai, yaron nan ka fi ubangidanka!" Ya kama hanya tun kafin Patron ya dawo. Ni kuwa ranar da ƙyar kaina ya shige ƙofar gidanmu don girma.

Bayan kwana goma sha biyu wani direban babbar mota ya tsaya a bakin garejin, bai ko kashe inji ba, ya leƙo ta taga ya ce Alhajin Dapango yana gaida Patron, ya ce kuma ƙofar ma tana gaisuwa, don yanzu kullum a durƙushe take. Sauran aparanti suka fashe da dariya. Patron bai yi ba. Ya yafito ni bayan rumfa.

"Wane ƙusa ka sa?"

"Bulon, Patron. Sababbi."

"Na ce bulon?"

"Kun ce ƙusa."

"Aks yana cikin gwangwani na madara, cikin akwati, guda biyu. Don shi na ajiye. Ka tambaye ni?"

Na girgiza kai. Ya daɗe yana kallon hannuwana kamar bai taɓa ganin su ba, sannan ya je ya ɗauko sandunan biyu ya sa mini a aljihu.

"Gobe ka hau mota ka je Dapango. Ba ni zuwa, ba ni aika kowa. In ƙofa ya tashi, liberasiyon yana nan. In bai tashi ba, ka ƙara shekara ɗaya, ka fara daga tsintsiya."

Shekarar ba ita ta fi tsaya mini a rai ba. Fuskar Inna nake gani in na ce mata ta sallami masu anko. Don haka da na koma gida na ce mata Patron ne ya aike ni aiki Dapango ni kaɗai, ban ƙara ko kalma ba. Ta yi guɗa, ta ce ai ta san ɗanta ya wuce sa'a, ta ƙulle mini ƙosai a ganye. Ban taɓa karɓar guzuri da kunya irin ta ranar ba.

Da aka idar da asuba na hau bayan wata motar doya da jakar kayan aikina. Ya kamata in yi tafiyar nan cikin baƙin ciki, na ma yi niyyar haka, amma ƙuruciya ba ta bari ba. Ban taɓa zuwa ko Bafilo ba a rayuwata. Da muka zo Alejo, inda hanya ta ratsa ta tsakiyar tsagaggen dutse, mata suna salati ni kuwa ina miƙa hannu ko zan taɓa shi. A hawan Defale motar ta gaza, aka sauke mu muka taka da ƙafa muna yi wa direba tsiya, shi yana rantsuwa doyar ce ta yi nauyi ba injinsa ba. Daga nan ƙasa ta buɗe, dogayen itatuwa suka ragu, kuka da ɗorawa suka karɓi fili, ga dawa ta yi kai ko'ina, ga zabi suna tsallaka hanya ba su san sauri ba. A Sansanin Mango wata tsohuwa da muka zauna tare ta raba mini soyayyen kifi ta ce in ci, ramata ta yi yawa. Yanzu 'ya'yanmu suna yin wannan hanyar cikin bas mai sanyi, labule a sake, kowa fuskarsa a kan waya, su sauka ba su san sun wuce ta ko'ina ba. Ni na isa Dapango da la'asar sakaliya, bayana duk shatar doya, kuma sai da na hango garin na tuna abin da ya kawo ni.

A kasuwar shanu na sami Alhaji. Motar tana ƙarƙashin wata bishiyar dalbejiya, an ɗaure ƙofar da jikin motar da igiyar shanu ta cikin taga. Fulanin da ke wurin sun mayar da ita abin hira, wani yana tambayar Alhaji ko tsoro yake kada ta bi garke. Yana ganina ya ware hannuwa.

"Ga likitan ya iso! Ɗana, zauna ka ci abinci tukuna. Ƙofarka ta yi mini wanka ranar Juma'a, ruwa ya shigo ta sama ya jiƙa mini babbar riga, na shiga masallaci kamar an tsamo kaza."

Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Amma ya sa aka kawo mini fura da nama, ya ba ni ɗaki a gidansa, yana ta gaya wa mutane ni ne gwanin Sokode.

Washegari na kwance igiyar, na cire bulon ɗin. Haƙoransu sun lallatse, ga garin ƙarfe yana zubowa. Na ce ai aikin mai sauƙi ne, na fito da aks ɗin Patron na zura. Sai ga sanda tana yawo a cikin ramin, ƙofa kuma tana nan a durƙushe. Na cusa wosha sama da ƙasa. Na sa jak a ƙarƙashin ƙofar na ɗaga har ƙarfe ya yi kuka. Na sassauto da maƙamar kuba ƙasa don ta tarbi ƙofar a inda ta faɗo, wanda ko a lokacin na san ha'inci ne ba gyara ba. Duk wanda na yi sai Alhaji ya shiga ya zaga kasuwa sau ɗaya ya dawo, ya buɗe, ƙofa ta sake sunkuyawa. Mahauta da Fulani da masu sayar da igiya suka kewaye ni, kowa da shawararsa, cikin yare uku. Wani ya ce a yi mata walda gaba ɗaya Alhaji ya riƙa shiga ta taga. Haka rana ta faɗi. Rana ta biyu ma har hantsi ya ɗaga ina abu ɗaya, gumi yana zuba mini a ido, kuma na fara jin tsintsiyar garejinmu a hannuna.

A tsallaken fili akwai maƙerar wani tsoho ɗan ƙabilar Moba, mai ƙera wa mahauta wuƙaƙe, mai kuma yi wa 'yan kasuwa ƙofofin shago na ƙarfe. Shi kaɗai ne bai ba ni shawara ba. Yana zaune yana goga aswaki, amma na lura duk lokacin da na jawo jak sai ya girgiza kai a hankali. Na san ya sani. Tsakanina da shi bai fi taki ashirin ba, amma sai da na tashi sau uku ina komawa kamar na manta wani abu a jaka. Gwangwanin tartsatsi nake tunawa, ga kuma jama'a sun fi na garejinmu yawa. A na huɗu na ƙarasa, na cire takalmi, na durƙusa na gaishe shi.

"Baba, ban san abin da ke damun ƙofar nan ba. Don Allah ku nuna mini."

Na tsaya ina jiran dariya. Ba ta zo ba. Ya tofar da aswaki, ya ɗauki wani tsumma, ya ce, "To, mu je mu gani shi."

Ya sa muka sauke ƙofar a kan tabarma. Ya goge kunnen sharniya tas, ya zura ƙaramin yatsansa ya juya, sannan ya kama nawa ya zura.

"Ka ji? Rami ba zagaye kuma. Ya zama ƙwai na zabo. Bulon yana da haƙori. Ka buɗe, ya ci kaɗan. Ka rufe, ya ci kaɗan. Alhaji kuma..." Ya juya ya kalli tumbin Alhaji bai ƙarasa ba, kasuwa ta ɗauki shewa, Alhaji ya fi kowa dariya.

Ni kunya ce ta rufe ni. Wankewa da sa yatsa, abu biyun da aka yi shekara biyar ana faɗa mini, kwana ɗaya da rabi ina fama ban yi ko ɗaya ba. Tsohon ya ce ramin da ya faɗaɗa ba ya komawa, sai dai a yi masa zobe. Ya tona tarin tarkacensa ya fito da wani tsohon kan famfo na tagulla. Na ɗauka shi zai yi, sai ya miƙo mini zarto ya ce, "Hannu naka, ido nawa." Na fara gyara ramukan da siririn magagari har suka koma zagaye. Na yanko tagulla, na goge ta ciki da waje, ina gwadawa ina cirewa. Na ɓata biyu, ɗaya ta yi sako-sako, ɗaya ta tsage, duk wadda na ɓata sai ya karɓa ya duba ya jefa a tarinsa. Bayan azahar zobban suka shiga, da katako na buga su don kada su lotse. Na shafa wa aks giris na ɗora a baki, na tura da babban yatsa. Ta sauka a hankali, ba ta yawo, ba ta cijewa. Wallahi na ji daɗin nan har cikin ƙashina.

Saura rataya ƙofar. Na sassauta bulon ɗin da ke riƙe sharniya da jikin mota, na ɗora ƙofar a kan katako da jak, na daidaita ta har layinta ya yi ɗaya da na jikin motar. Na ɗauki sifana zan ɗaure sai ya riƙe mini hannu.

"Ɗaga kaɗan. Kauri na tsinken ashana. Ƙofa duka yana sauka in ka sake shi, na shago ma haka."

Na ɗaga. Na fara ɗaure na ƙasa, sannan na sama, na mayar da maƙamar kuba inda na same ta tun farko. Da na sauke jak ƙofar ta sauko daidai kaurin tsinken nan ta tsaya. Alhaji ya shiga, ya zaga kasuwa sau uku, yana bin duk wani rami da gangan. Ya dawo ya fito yana rataye da ita kamar yadda ya saba, sannan ya tura ta da yatsu biyu. Ta rufu da 'yar ƙara ɗaya mai taushi. Mahauta suka riƙa buga wuƙa a kan teburi, Bafulatanin da ya ara wa Alhaji igiya ya zo ya karɓi abarsa ya ce an sallami mara lafiya. Alhaji ya sa aka gasa zabi, muka ci a bakin maƙera. Na yi wa tsohon godiya har na rasa abin faɗa, shi kuwa abin da ya ce kawai in gaya wa Alhaji ya rage tuwo.

Alhaji ya ce dama yana da tafiya kudu, shi zai mayar da ni, hanya ta yi mana shari'a. Duk tsawon tafiyar kunnena yana kan ƙofar nan. Bayan Kante ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya, na riƙa leƙen kafaɗarsa, ko ɗigo bai shigo ba. Muka isa garejin da la'asar. Patron ya fito ya gaisa da Alhaji, ni ko kallona bai yi ba. Ya buɗe ƙofar, ya ɗaga, ya girgiza, ya rataya a kanta har ƙafafunsa suka bar ƙasa. Sannan ya duƙa ya goge sharniyar da tsumma, ya ga bakin tagulla yana ƙyalli.

Alhaji ya ce, "Shi kaɗai ya yi, ina tsaye! Ka yaye yaron nan ko in ɗauke shi Dapango."

Patron bai ɗago ba. Ya ce, "Wannan zobe, ba gareji nawa ka gani ba. Daga kai naka ya fito?"

Abin da ya rage mini kawai in ce e. Alhaji har da ƙifta mini ido. Ni kaɗai aka aika, an kuma ce ba za a aika kowa ba, in na ce wani ya taimake ni ban ga abin da zai hana a miƙo mini tsintsiya ba. Na tuna masu anko. Amma na ji ba zan iya durƙusawa ranar Asabar in karɓi guduma a kan ƙarya ba.

"A'a, Patron. Kwana ɗaya da rabi na yi ban gane ba. Wani tsohon maƙeri na roƙa, shi ya nuna mini."

"Ka roƙa? Da baki naka?"

"Da bakina."

Ya miƙe. Ya shiga motar ya ja ƙofar ya rufe, ya ɗora hannuwa a kan sitiyari, mutumin da duk shekarunsa na gyaran mota bai iya tuƙi ba. Can ya sauke gilashi, bai kalle ni ba.

"Alhaji, Asabar kana gari?"

"In akwai shinkafa ina gari."

"Akwai. Ka zo ka zauna gaba. Zan rasa yaro."

Aparanti suka kaure da ihu, suna dukan tsofaffin kwanukan mota da duk abin da hannunsu ya kai. Alhaji ya rungume ni har ƙafafuna suka tashi, ina dariya ina haki. Ta saman kafaɗarsa na hangi Patron yana nan zaune a cikin motar, yana goge idanunsa da tsumman da ya goge sharniya, baƙin mai yana shafar masa kumatu bai sani ba. Shekara biyar ina ƙirga ranar da zan bar mutumin nan, ban taɓa kawowa a raina cewa shi ma yana ƙirgawa ba.